Marka da Tukunyar Wankan Jego

Duk wanda ya san Marka, matar yayana Mamuda, a 'yan shekarun nan, to a zaune ya san ta. Tana da wata tabarma a gindin bangon ɗakinta, nan take yini tun hantsi, kwalaben man gyaɗa jere a gabanta, mazurari a hannu. Mai sayen mai nan zai same ta, mai kawo gulma ma nan. In za ta tashi kuwa sai an yi shiri. Ta dafa ƙasa, ta dafa bango, ta kira sunan Allah, sannan ta kira na duk wanda ke kusa. Ni Taiba, da yake katanga ɗaya ce tsakanin gidan aurena da nasu a nan Talata Mafara, sunana ya fi na kowa shan kira.

Amma ni na san wata Markar kafin wannan. 'Yar Maradun ce, ita kaɗai mace a cikin maza, kuma uwarsu ta rasu tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba. Ita ce surfe, ita ce daka, ita ce ɗebo ruwa, ita ce kai abinci gona. Ranar da aka kawo ta gidanmu amarya ina yarinya, na leƙa ƙarƙashin mayafi na ga abu siriri kamar sillen kara, na fito ina shela cewa an cuci Yaya, ba a kawo masa komai ba sai ƙashi. Kwana biyu tsakani ta kama ni a bayan ɗaki ta murɗe mini kunne. A ranar na san cewa ƙashin nan akwai ƙarfi a cikinsa.

Da sana'arta ta zo. Ƙuli-ƙulin Marka har daga Morai da Garbadu ake aiko saye ranar kasuwa. Ita ke suyar gyaɗarta, ta murje, ta bushe, a niƙo, ta zuba a turmi tana juyawa da taɓarya tana tsiyaya ruwan zafi har mai ya tsatso ya taru a sama. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba, aikin nan ƙato ma sai ya yi nishi. Ita kuwa tana yi tana tsokanata, damtsenta kamar na mai faskare.

Da ta sami cikin fari, al'ada ita ce ta koma gidansu goyon ciki, ta haihu a can, uwarta ta yi mata wankan jego har ta yi arba'in. To, wace uwa? Gidansu na Maradun a lokacin daga tsoho sai samari, babban yayanta Hashimu ko aure bai yi ba. Tamu uwar kuma idonta ya riga ya tafi. Sai wata tsohuwa aka samo a unguwa, mai hannu kamar itace, ta zo da safe ta watsa mata ruwa tana mita, ta kama gabanta. Marka tana kallo sa'o'inta suna tafiya gida suna dawowa sun yi ɓul-ɓul, da sabbin zannuwa da labarin gatan da aka yi musu. Ban taɓa jin ta ce uffan a kai ba.

Yarinyar da ta haifa ita ce Mufida. Kun dai san halin mutanenmu da ɗan fari. Marka kuwa ta ɗauki kunyar nan ta kai ta inda ko tsofaffi ba su kai ba. Ba ta kiran sunanta, sai dai "yarinyar nan". Ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta yaba ta, in ta faɗi ta fasa baki ni ake ƙwala wa kira in zo in ɗauka. Rabin rainon Mufida a bayana aka yi shi. Maza uku suka biyo baya, su kam sun sha suna, sun sha zagi, sun sha gata.

Ana nan Yaya Mamuda ya yi sa'ar shinkafa a gonarsa ta Bakolori shekara biyu a jere, ya sayo mata injin matsar mai. Wallahi da kyakkyawar niyya ya yi. Taɓarya ta koma bayan ƙofa, aka sami masu suya da masu murza, Marka ta zama mai awo kawai. Ga lemun kwalba mai sanyi, ga tuwon shinkafa malmala biyu, ga ƙuli-ƙuli ana ɗan taɓawa tsakanin ciniki da ciniki. Jiki ya buɗe. Kowa ya shigo sai ya ce, "Kai, Mamuda ya iya kiwo!" Danginta na Maradun in sun zo har wani taƙama suke yi da ita, su koma suna ba da labari. Ni ma na yaba, ba zan ɓoye ba, don a wurinmu mace ta cika ido shi ne shaidar tana cikin rufin asiri. Ba wanda ya kula cewa ta koma yin salla a kan kujera.

Ranar bikin Mufida, da aka zo tafiya da amarya Bakura gidan mijinta Misbahu, aka ce uwa ta tashi ta shiga ɗaki a yi sallama. Marka ta yunƙura ta koma. Ta sake, ta koma. Sai da mu biyu muka kama ta, ni da wata maƙwabciya, muka ɗago ta a gaban dangin ango kaf. Aka yi dariya aka wuce, amma uwar ango, Hajiya Umma, ta gani kuma ta riƙe.

Shi ya sa da cikin Mufida ya fito, Hajiya Umma ta zo da kanta wata Talata bayan ta gama cin kasuwa. Aka yi gaisuwa har da tambayar kaji. Sannan ta gyara zama ta ce, "Marka, mun yi shawara da Malam. Tunda ga yadda jikinki yake, kada a ɗora miki wahala. Yarinya ta haihu can wurinmu, ni in yi mata wanka, in kula da ita kamar ɗiyar cikina."

Matar nan ba mugunta ta kawo ta ba, mutuniyar kirki ce. Ni dai raina ya tafasa, na zuba wa Marka ido ina jiran ta yi magana. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk yadda kunka gani daidai ne, Hajiya. Ai ɗiyarku ce." Don haushi ko rakiya ban yi ba, na koma gidana.

Washegari da safe na shiga aron rariya, ban same ta a kan tabarma ba. Can bayan ɗaki na jiyo motsi. Na tarar ta jawo babbar tukunyar nan ta ƙarfe da ake dafa ruwan wanka, ta zuba ruwa bai fi rabi ba, ta yi ƙoƙarin ɗora ta a murhu. Tukunya ta kife, ita kuma tana zaune daɓas a cikin caɓi, ta kasa tashi, hawaye na zuba.

Na ce, "Subhanallahi! Matar Yaya, mi kike yi haka?"

Ta share hawaye da gefen zane. Sannan ta ce, "Ni ba a yi mani ba, Taiba. Tun ranar na ce in Allah ya kai ni, ita za a yi mata, kuma da hannuna. Ba ni iya kiran sunanta, ba ni iya jawo ta jikina gaban mutane. Wanga kaɗai ya rage mani, shi ma ga shi ƙafafu sun hana."

Na ce, "To ai ga ni. Ni gwaggonta ce, a kawo ta nan ni in yi."

Ta ce, "Na san kina iyawa. Ke kinka goye ta ma. Wanga ɗaya dai ki bar mani."

Shekara ashirin da wani abu ina zaune da matar nan, sai ranar na san abin da ke cikinta. Na zauna a cikin caɓin kusa da ita muka yi kukanmu, sannan na ja ta muka tashi da ƙyar.

Ni ce mai babbar waya, don ina ɗan tallan atamfa a cikinta. Na taɓa ganin bidiyon masu motsa jiki yana wucewa, sai na nemo mata. Wayyo, ranar na sha zagi! 'Yan mata ne zuƙa-zuƙa da wasu matsattsun kaya, suna tsalle kamar an zuba musu garwashi. Marka ta rufe ido ta ce, "A'uzubillahi! Su waɗanga ba su da zane? Ba su da iyaye?" Amma da na ce to mu bari, sai ta ƙi. Wai ita da ta yi shekaru tana juya tunkuza, 'yan yaran nan ne za su fi ta? Ta ɗaure ƙugu da ɗankwali ta yi tsalle uku. A na huɗu gwiwa ta ce ba da ita ba. Sai da ta yi kwanaki tana jan ƙafa.

Wannan ne ya kai mu asibiti. Malamar da ta duba ta, wata mai fara'a, ta yi mana faɗa son ranta tukuna. Ta ce jininta ya ɗan hau, gwiwa kuma ba ta lalace ba, nauyi ne ya yi mata yawa, naman cinya kuma ya saki saboda zama. Ta ce tsalle ba nata ba ne, ƙarfi za ta fara tarawa a hankali, ta rage zaƙi da yawan tuwo, ta riƙa zuwa ana duba jinin. Sai ta ciro tata wayar ta tura mini wasu bidiyoyi da aka yi don manya masu nauyin jiki.

Matar da ke ciki dattijuwa ce mai furfura, da doguwar riga da wando mai faɗi, kujera a gefenta. Marka ta ƙare mata kallo ta ce wannan kam da mutunci. Turanci take yi, ba mu jin komai sai ƙirgan da take yi da yatsu, don haka Marka ta laƙa mata suna Ƙirgau.

Ɗakin ajiyar gyaɗa muka mayar wurin yi. Da Yaya ya tafi gona, yara sun tafi makaranta, sai in shigo, mu jingina waya a kan buhu, mu turo ƙofa. Abin da Ƙirgau ta fara da shi har ya ba ni dariya: zauna a kujera, tashi, zauna, tashi. Marka ta ce, "Wanga shi ne aikin?" Kafin a je ko'ina zufa ta jiƙe mata riga, tana haki tana cewa, "Ke tsohuwar ga, ba ki da tausai! Tsaya mana in numfasa!" Ƙirgau kuwa sai murmushi take tana ɗaga yatsu. Daga nan a tura bango da hannu biyu, a hau dokin ƙofa a sauko, a kwanta a ɗaga ƙugu. Ƙarafan da matar ke riƙewa ba mu da su, sai muka cika gorunan roba da ƙasa. Marka ta ɗaga sama ta sauke, ta ɗaga ta sauke, ta ce, "Taiba, ashe daka ne ba turmi. Abin da anka raba ni da shi ne Turawa ke sayarwa."

Kada ku ɗauka abin ya tafi sumul. Akwai makon da ta ce ta fasa, cinyoyinta sun yi tsami ko bayi sai da dabara. Akwai ranar da na kama ta da lemun kwalba a bayan buhu, muka yi ta cacar baki har ta ce in fita mata daga gida, wai ni 'yar da ta yi wa kitso ce zan hana ta shan abin da mijinta ya sayo. Na fita kuwa, na yi rantsuwa ba zan koma ba. Washegari da hantsi sai ga murya ta kan katanga: "Ke Taiba, wayar taki ta mutu ne?" Na ɗauko na tafi ina ƙunƙuni.

Yaya Mamuda bai san komai ba sai ranar da ya manta wani abu ya dawo gida. Ya ji nishi a ɗakin gyaɗa, ya tura ƙofa, ya ga matarsa ta dafe bango da hannu biyu tana turawa iya ƙarfinta. Ya ja da baya a firgice ya ce, "Ginin faɗuwa zai yi?" Ni dariya ta kayar da ni a kan buhu. Marka ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya dubi waya, ya dubi gorunan ƙasa, ya dubi tukunyar wankan da ke jingine a lungu an wanke ta tas, bai tambayi komai ba ya fita. Shi ma ai uban 'yar fari ne, bakinsa a ɗaure yake kamar nata. Amma washegari sai ga buhun yashi mai laushi daga bakin ruwa a ƙofar ɗakin, an kuma buga wa kujerar ƙusa a ƙafar da ke girgiɗi.

A hankali goruna suka zama galan. Kujera ta koma 'yar tsugunno. Marka ta ɗauko taɓaryarta daga bayan ƙofa ta ce dakan yaji da na fura nata ne daga yau. Tuwo ya koma malmala ɗaya, zogale ya ƙaru a kwano. Wata safiya na shigo na same ta zaune a kan abin salla, fuskarta wani iri. Na ce lahiya? Ta nuna goshinta, ga ƙasa a manne. Ta ce, "Yau na kai shi. Rabona da haka tun kafin a yaye autana." Ta ƙi sharewa har na tafi.

To, a nan ne kuma wata fitinar ta ɓullo. Zanenta ya fara zagaye ta da saura, wuyanta ya fito, kumatu suka sauka. Ni ina ganin lafiya, mutanen gari suna ganin ciwo. Mai sayen mai ta shigo ta ce, "Marka, lahiya kuwa? Kin zube!" Wata ta ce ciwon suga ne. Wata ta ce shinkafar Mamuda ce ta ƙi bana, gidan ba abinci. Wata ta rantse hannu aka sa mata saboda ciniki, ga shi kullum ana jin nishi a ɗakin gyaɗa an rufe ƙofa. Marka kuwa ba ta iya cewa ga dalili, don in ta faɗa ta tona abin da take ɓoyewa tun haihuwar yarinyar.

Da watan haihuwa ya kusa, na ce ta aika Bakura ta ce a kawo mata ɗiyarta. Ta zaro ido ta ce, "In ce mi? In ce ina son ɗiyata? Da wane baki?" Na ga ba sarki sai Allah, na shirya na tafi da kaina. Hajiya Umma ta karɓe ni hannu biyu, ta saurare ni, sannan ta girgiza kai ta ce, "Taiba, kada ki rufe mani. Mun ji labari jikin nata ya ƙara tsanani, ta rame ta lalace. Yaya za a kai mata mai jego? Allah dai ya ba ta lahiya." Na yi bayani, na yi rantsuwa, ta ɗauka kara nake yi wa gidan yayana. Mufida ta rako ni bakin hanya da tsohon cikinta, idonta ya cika da ƙwalla, ta ce, "Gwaggo, ki gaya mani gaskiya, mi ke damun Inna?" Na dawo gida raina a jagule. Wato duk wahalar da muka sha ita ce ta zame mana cikas.

Labarin bai tsaya a Bakura ba. Wata mai sarin ƙuli-ƙuli ta kai shi Maradun da gishirinsa. Ranar wata Laraba da hantsi sai ga Yaya Hashimu a kan babur, fuska a murtuke, ga buhun gero ɗaure a baya. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ka kawo hatsi gidan magidanci ba biki ba suna, ai ka ce masa ya kasa ciyar da iyalinsa ke nan.

Ya dire buhun a tsakar gida. Aka shimfiɗa tabarma, suka gaisa da Yaya Mamuda, gaisuwa mai tsawo amma ba ɗumi. Ni ina rakuɓe a bakin madafa. Sannan ya ce, "Mamuda, mun ba ka ƙanwarmu, shekara da shekaru ba mu ga abin ƙi ba. Yanzu an ce ta zama abin tausai. In ciwo ne, mi ya hana a gaya muna? In babu ce, mu ba mu mutu ba. Ta shirya in tafi da ita gida a nemi magani."

Yayana ya dubi buhun. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ni kuwa na san in aka tafi da ita Maradun a matsayin marar lafiya, maganar wanka ta mutu murus.

Sai ga Marka ta fito daga ɗakin gyaɗa, mayafi a kai, zufa ba ta gama bushewa ba. Hashimu ya gan ta ya ce, "Inna lillahi!" Ta tako har gabansa, ta durƙusa har ƙasa, irin durƙuson da ta yi shekaru ba ta yi wa kowa ba. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi gona, ta tambayi dabbobi, duk tana tsugune. Da ta gama, sai ta miƙe tsaye cak, ba ta dafa ƙasa ba, ba ta dafa kowa ba. Ya bi ta da kallo. Ya san rabon da ya ga haka.

Ta juya wurin buhun. Ba babban buhu ba ne, amma ni dai ba zan taɓa shi ni kaɗai ba. Ta ware ƙafa, ta sauko da ƙugu, baya a miƙe yadda Ƙirgau ta koya mata, ta rungume shi ta tashi da shi. Tana riƙe da shi ta ce, idonta a ƙasa, "Yaya, geron ga ya zo a kan gaɓa, Allah ya saka da alheri. Muna sa ran baƙuwa daga Bakura, in sun yarda sun ba mu ita. Za a sha kunun kanwa." Ta wuce da shi ɗaki.

Kunun kanwa ai ba mai shan sa kullum sai mai jego. Hashimu ya dube ni, ni kuwa bakina ya gaji da riƙewa, na zazzage masa komai, tun daga zuwan Hajiya Umma da kifewar tukunya har gorunan ƙasa. Na kawo masa waya ya ga Ƙirgau da idonsa. Ya cire hula ya riƙe a hannu. Da ya yi magana muryarsa ta canza. Ya ce, "Lokacin da ta haihu, na zo barka da keke. Na same ta ita kaɗai a ɗaki tana dama ma kanta kunu. Ba ni da inda zan kai ta, na koma ina kuka a hanya." Ya juya ya kama hannun Yaya Mamuda ya ce, "Ka yafe mani, na yi maka rashin kunya cikin gidanka." Sannan ya ɗaga murya yadda za ta ji daga ɗaki: "Ke ba ki iya roƙo, shi ba shi iyawa. To ni kawu ne, ba ni da kunyar kowa. Gobe Bakura za mu."

Da safe muka tafi mu uku, ni da Marka da Hashimu. Daga tasha har gidan, Marka ce ta ɗauki galan ɗin man da muka kai tsaraba, ta hana kowa taɓawa. Hajiya Umma na zaune a tsakar gida ta ga mace ta shigo da kaya, ta sauke, ta durƙusa, ta tashi. Sai da ta ji murya sannan ta gane ta. Ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Wannan ce anka ce tana kwance?" Hashimu ya yi roƙonsa a wurin maigidan, ba a ja ba. Kafin mu fito Hajiya Umma ta ja ni gefe ta ce in tura wa Misbahu tsohuwar nan mai ƙirga, ita ma bayanta ya dame ta.

Mako na zagayowa aka kawo Mufida. Marka ta karɓe ta kamar baƙuwar maƙwabta, ta ce, "Kun iso lahiya? Taiba, nuna mata ɗaki," alhali ɗakin nan ita ta share shi ta shafe shi ta turara shi har sau ban san adadi ba. A asibiti aka haihu, namiji, lafiya lau.

Safiyar wankan farko na shigo da wuri don in kama mata. Na tarar ta riga ta hura wuta, ruwa ya yi, ganyen dogon yaro na ƙamshi a ciki. Na kai hannu zan kama kunnen tukunya ɗaya ta ce, "Matsa." Ta sa tsumma, ta sauke ta ita kaɗai, ta juye a babban baho, ta surka da na sanyi tana gwadawa da gwiwar hannu, don malamar asibiti ta gargaɗe mu kada a yi irin na da mai saɓule fata. Ta kai bayi, ta dawo ta riƙo yarinyar a hankali suka shiga, ta saki labule.

Ni aka bar wa jariri. Ina zaune a kan turmi kusa da katangar bayin, ina jin ƙarar ganye da zubar ruwa. Can sai na ji Mufida ta ce, "Inna, ashe hannunki laushi gare shi."

Sannan na ji muryar Marka ƙasa-ƙasa, ta ɗauka ba mai ji.

"Ruwan bai yi miki zafi ba, Mufida?"

Tun ranar da aka raɗa wa yarinyar nan suna nake gidan, ban taɓa jin sa a bakin uwarta ba sai ranar. Na rungume jaririn na tashi daga wurin, don kada ta fito ta ga na ji.